Rediyon motarka bai mutu ba, a daina yanke waya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin mu yi magana da masu motoci da direbobin haya da kuma 'yan'uwanmu masu sana'ar wayarin, a kan wani abu da ake rainawa, wato rediyon mota. Da yawa daga cikin rediyoyin da ake ɓalle wa motocin Kwatano a ce sun mutu, lafiyarsu ƙalau. Ko dai an ƙera su ne domin wata ƙasa dabam, ko sun kulle kansu saboda an cire kan batir, ko kuma wata waya guda ce ba a haɗa ba. Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake kai filaya ga wayoyin mota tun ba a gano ciwon ba. Rediyo ana sayen wani, amma wayarin da aka daddatsa ba ya komawa yadda kamfani ya yi shi.

Motocin da suka fito daga Amurka da Kanada su ne kan gaba a wannan matsala, kuma yawancin Camry da Corolla da Accord da ke yawo a titunanmu daga can suke. A Afirka da Turai da Asiya an jera tashoshin matsakaicin zango, wato AM, da tazarar kilohaz 9 tsakanin kowace tasha da mai bi mata. A Amurka tazarar kilohaz 10 ce. Rediyon Tarayya na Kaduna yana kan 594, Nagarta tana kan 747, amma rediyon da aka yi wa Amurka daga 590 sai ya tsallaka 600, daga 740 sai 750. Ba zai taɓa zama daidai a kan tashar ba. Shi ya sa murya ke fita a dakushe da shuuu a bayanta, kuma idan aka danna SEEK, maɓallin da ke nemo tasha da kansa, sai ya wuce tashar kamar babu ita. Maganin wucin gadi shi ne a bar SEEK, a murɗa TUNE da hannu zuwa lamba mafi kusa: 590 domin Kaduna, 750 domin Nagarta. Rediyon Kano da ke kan 729 ya yi sa'a, don 730 ta kusa sosai, kunne ba zai ji bambanci ba.

A FM ma akwai makamancin haka. Rediyon Amurka yana tsayawa ne kawai a lambobin da suka ƙare da mara: 88.1, 88.3, 88.5, haka har 107.9. Yawancin tashoshin Najeriya sun dace da wannan tsari, kamar Freedom ta Kano a 99.5 ko Rahama a 97.3. Amma wanda ya shiga Nijar da irin wannan mota zai tarar da tashoshi a lambobin cika, kamar Anfani da ke kan 100.0 a Yamai, kuma rediyonsa daga 99.9 sai 100.1. Zai ji tashar idan yana kusa da ita, da ya yi nisa sai ta fara karkarwa. Rediyon da ya zo da mota daga kamfani galibi ba a iya sauya masa wannan tsari. Na kasuwa kuwa, irin su Pioneer da Kenwood da Sony da aka yi wa yankinmu, suna da wurin zaɓen tazara a cikin saitin farko, wanda aka fi shiga idan rediyon yana kashe. Masu allo irin na Android suna da wurin zaɓen yanki, sai a ɗauke shi daga Amurka a mayar Turai.

Maɓallin da aka rubuta wa SAT ko XM na tauraron ɗan'adam ne da ke haska Arewacin Amurka kaɗai. Babu mai gyaran da zai sa ya yi aiki a Kano ko Zinder, duk wanda ya karɓi kuɗinka a kan haka ya cuce ka.

Motar da aka ƙera domin kasuwar cikin gida ta Japan matsalarta ta fi tsanani, don FM ɗinta daga 76 yake farawa ya tsaya a 90, sababbi kuma a 95. Mu kuwa tashoshinmu suna tsakanin 87.5 da 108. Ka ga ke nan 'yan tashoshin ƙasa-ƙasa kawai zai kama. Akwai wata 'yar na'ura da ake sawa tsakanin wayar eriya da rediyo, tana sauko da lambobin tashoshi da wani adadi da aka rubuta a jikinta. Idan mai rage 10 ce, tashar 99.5 za ta bayyana a 89.5. Idan mai rage 18 ce, za ta bayyana a 81.5. Tana aiki, sai dai tana rage ƙarfin kamu, wani lokaci kuma tasha biyu su hau kan juna. A nan kam, wanda yake da hali ya sauya rediyon gaba ɗaya ya fi.

Sai batun lambar sirri. Mutum ya kai mota a sauya batir, ko mai walda ya cire kan batir, da aka mayar sai allon rediyo ya rubuta CODE ko SAFE ya yi shiru. Wannan kariya ce daga ɓarayi, ba lalacewa ba ce. A Honda irin su Accord na 2003 zuwa 2012 lambar guda biyar ce. A fara duba cikin akwatin gaban fasinja da littafin mota, sau da yawa tana kan wani ɗan kati ko takarda da aka liƙa. Idan babu, a kashe rediyon, a danne maɓalli na 1 da na 6 tare, a kunna shi ana riƙe da su, zai nuna lambar jikinsa, wadda da ita da lambar shasi ake nemo lambar buɗewa. A Golf da Sharan da sauran Volkswagen lambar guda huɗu ce. Kuskuren da ake yi shi ne cacar lambobi. Idan aka yi ta sa ba daidai ba sai ya ƙara kullewa, kuma sai an bar shi a kunne na awa guda cur kafin ya sake ba da dama. Wanda zai sauya batir, ya tabbata lambar tana hannunsa tukuna. Mai gyara da ya san aikinsa kuma yakan jona wani ƙaramin batir ya riƙe wutar motar har a gama sauyin.

Yanzu ga inda aka fi yin ɓarna, wato wurin ɗaura sabon rediyo. Launin wayoyin rediyon kasuwa iri ɗaya ne kusan a ko'ina. Rawaya ita ce wuta ta dindindin daga batir, ita ke riƙe agogo da tashoshin da aka ajiye. Ja tana samun wuta ne idan an murɗa makulli. Baƙa ita ce at, a jikin ƙarfen mota take ƙarewa. Shuɗiya ta eriya ce, shuɗiya mai ratsin fari ta tayar da ampilifaya ce, ruwan lemo kuma ta hasken dare. Na sifika bibbiyu suke: farare gaba hagu, masu ruwan toka gaba dama, koraye baya hagu, masu launin shunayya baya dama, kuma a kowane biyu mai ratsin baƙi ita ce ta koma. Waɗannan launukan na rediyon ne, ba na motar ba. Wayoyin Toyota ko Peugeot launinsu dabam, don haka ba a haɗa rawaya da rawaya da ido. Ana sayar da soket mai haɗa na mota da na rediyo ba tare da an yanke ko da waya ɗaya ba, a Ƙofar Ruwa da Panteka da sauran kasuwannin kayan mota, kuma kuɗinsa bai kai na gyaran ɓarnar da yankan ke jawowa ba.

Idan rediyo yana manta tashoshi da agogo duk lokacin da aka kashe mota, an juya ja da rawaya ne. Wannan ya zama ruwan dare a Volkswagen da Opel, saboda su sun musanya gurbin waɗannan wayoyi biyu a soket ɗinsu, kuma yawancin rediyoyin kasuwa sun zo da mahaɗi a tsakiyar ja da rawaya da ake zarewa a musanya cikin minti ɗaya. Abin da wasu ke yi, su murɗe ja da rawaya wuri guda su ɗora a wutar dindindin, shi ke shanye batir cikin dare, musamman da manyan allunan Android. Motar da aka kashe aka rufe bai kamata ta riƙa jan fiye da miliamfiya 50 ba. Mitar gwajin wuta za ta nuna maka wannan idan ka sa ta tsakanin kan batir na at da wayarsa, bayan ka ba motar 'yan mintuna ta yi barci.

Muna jan kunnen yaranmu masu koyo da babbar murya a kan abu ɗaya. Duk wayar da aka naɗe da rawayan bututu ko take da rawayan soket a ƙarƙashin sitiyari, bayan dashbod ko ƙarƙashin kujera, ta jakar iska ce mai kare mutum a haɗari. Ba a soka mata fitilar gwaji ana neman wuta. Tana iya fashewa a fuskar mai aikin, ko ta mutu ta ƙi buɗewa ranar da ake bukatarta. Haka kuma motocin zamani suna da wasu siraran wayoyi biyu a murɗe da juna da kwamfutocin motar ke magana ta cikinsu, wanda ya ɗora musu wuta ya jawo wa mai mota asarar da ta ninka kuɗin rediyo sau da yawa. A yi gwaji da mita. Kuma kada a maye gurbin fis da zaren waya ko takardar sigari. Fis ɗin bayan rediyo galibi amfiya 10 ne, idan yana ƙonewa akai-akai akwai wayar da ta goge tana taɓa ƙarfe, ita za a nema. Haɗin waya kuma a yi shi da dalma ko a matse da mahaɗi, don salatif a zafin watan Afrilu narkewa yake ya saki.

Direbobin tirela su lura cewa motarsu bolt 24 take, rediyo kuwa na bolt 12 ne. Ɗaukar wuta daga batir ɗaya cikin biyun yana sa ɗaya ya riƙa rama, ɗaya yana shan caji fiye da kima, duka biyun su mutu da wuri. Ana sa na'urar rage wuta daga 24 zuwa 12 ne.

Ƙorafin da ya fi yawa bayan an sa sabon rediyo shi ne ba ya kama tasha kamar tsohon. Nan take a ɗora wa sabon laifi a ce jabu ne. Alhali motoci da yawa ba su da eriyar sanda, eriyarsu siraran layuka ce a jikin gilashin baya, kuma tana da ɗan ƙaramin ampilifaya a ɓoye a gefen gilashin da ke bukatar wuta. Tsohon rediyon ne ke ba shi wutar. Idan mai ɗaurawa ya bar shuɗiyar waya tana reto, eriyar ta zama kurma, tashar cikin gari kawai za a ji, AM kuwa babu labari. A Volkswagen da Audi wutar ta cikin wayar eriyar kanta take bi, don haka sai an sa mahaɗi na musamman mai ɗauke da shuɗiyar waya. Masu liƙa baƙar leda a gilashi su ma suna da hannu: wanda ya kankare gilashin baya da reza ya tsinke layukan, kuma leda mai ƙarfe-ƙarfe a cikinta tana tare sigina. Eriyar sanda kuwa tsawonta ba ado ba ne. Kimanin santimita 75 shi ne ya dace da tsakiyar zangon FM, wanda ya sauya ta da 'yar guntuwa don kyau ya rage wa kansa nisan kamu. Gindinta kuma dole ya taɓa ƙarfe mai tsabta, tsatsa a wurin tana kashe AM kafin FM.

Kafin a kwance komai, a zare cajar waya daga soket a saurara. Caja mai araha da fitilun LED marasa inganci suna fitar da hayaniyar da ke danne tashoshi, kuma sau da yawa daga an zare su magana ta ƙare. Idan kuwa wani siririn kuka ne da ke tashi idan an taka totur ya sauka idan an saki, daga altaneta yake shigowa, kuma mafi yawan lokuta at ce ba ta zauna da kyau ba, ko an shimfiɗa wayar sauti kafaɗa da kafaɗa da wayar wuta. A raba su, ɗaya ta bi gefen dama na mota, ɗaya ta bi hagu.

Akwai kuma abin da ba laifin kowa ba ne. FM kusan a miƙe yake tafiya, dutse da nisa suna tare shi, shi ya sa tashar Kano ke dusashewa a hanyar Zariya. Matafiyi ya koma AM, wanda ke bin ƙasa ya yi nisa, da dare kuma ya ƙara nisa. Idan rediyon yana da LOC da DX, a gari a sa LOC, a daji a sa DX. Idan tasha ta fara shuuu, mayar da ita MONO yana tsabtace murya. A motocin Turai a kashe AF da TA, domin an yi su ne saboda tsarin tashoshin can, a nan sai su sa rediyo ya riƙa yanke magana yana neman abin da babu. Ajiye tasha kuwa ba wuya: a kamo ta, a danne lambar da ake so na daƙiƙa biyu zuwa uku har ya yi ƙara. FM1 da FM2 ba zango biyu ba ne, shafi biyu ne na ajiya, kowanne da gurbi shida, sai a ware ɗaya domin gida, ɗaya domin garin da aka saba zuwa.

Masu sauraron karatun Alƙur'ani da tafsiri da waƙoƙi ta filas su ma suna shan wahalar da ba ta kai ta kawo ba. Tsofaffin rediyoyi tsarin FAT32 kawai suke karantawa, filas da ya wuce gig 32 kuwa yakan zo da wani tsari dabam, sai rediyo ya ce babu komai a ciki. A sayi na gig 8 ko 16, ko a sa mai kwamfuta ya mayar da shi FAT32. Saƙon murya na WhatsApp ba MP3 ba ne, haka yawancin abin da ake saukewa daga YouTube, sai an juya su tukuna. Domin surori ko darussa su bi jeri, a sa musu lamba 001, 002, 003 a farkon suna, a kuma kwafa su bi da bi, don wasu rediyoyin jerin kwafa suke bi. Game da Bluetooth, motoci da dama na wajen 2007 zuwa 2010 kira kawai suke ɗauka, ba sa ɗaukar sauti, ba saiti ba ne ya ɓace. Idan mota ta ƙi karɓar sabuwar waya, galibi gurbin ya cika da wayoyin masu motar na baya, sai a goge su. Wanda ke amfani da 'yar na'urar nan da ake cusawa a soket ɗin sigari tana aika sauti ta FM, ya zaɓi lambar da babu tasha a kanta ko kusa da ita, ya ƙara sautin waya zuwa kusan kashi uku cikin huɗu, sauran ya ƙara a rediyo.

Sifika ba yawan wat ne ya fi kashe ta ba, ƙure ƙaramin rediyo ne. Rubutun 50W sau huɗu da ke jikin kwali na talla ne, ainihin abin da irin wannan rediyo ke bayarwa a tsaye bai fi wat 15 zuwa 22 a kowace sifika ba. Idan aka ƙure murya aka ƙure BASS aka kuma kunna LOUD, sautin yana yagewa, yagaggen sauti kuma shi ke ƙona zaren cikin sifika. Da ka ji ta fara ɓarɓar, ka wuce iyaka, ka rage. Sifikar mota om 4 ce, idan aka ɗora biyu a kan wayoyin sifika ɗaya, ta zuwa da ta zuwa, ta koma da ta koma, sai ta zama om 2, rediyo ya yi zafi ya riƙa ɗaukewa. Motocin da suka zo da JBL ko Bose suna da ampilifayarsu a ɓoye, sai an san da ita kafin a sauya komai. Idan an sa sababbin sifiku sai kiɗan ya zama fayau babu nauyi, an juya wayar ɗaya ne. A gwada da ƙaramin batir na tocila mai bolt 1.5: idan takardar sifikar ta turo waje, wayar da ke kan batirin ta sama ita ce ta zuwa. Ledar da ke bayan marfin ƙofa kuma a mayar da ita bayan aiki, ita ke hana ruwan damina jiƙa sifika. Wanda zai sa babbar ampilifaya a but, fis ɗinta ya kasance bai wuce santimita 45 daga batir ba, a kuma sa roba a ramin da wayar za ta ratsa ƙarfe. Wayar da ba ta da fis idan ta goge, gobara ce.

Ƙurar hunturu tana sa maɓallin murya ya riƙa tsalle, ka ƙara ya rage. Feshin wanke mahaɗin lantarki ke gyara shi, ba man birki ko fetur ba.

Mai jiran wani a cikin mota yana sauraron labarai ya tsayar da makulli a ACC, kada ya kai shi ON, inda fanka da fitilun dashbod da kwamfuta duk ke jan wuta. Rediyo shi kaɗai a matsakaiciyar murya amfiya ɗaya zuwa biyu yake ci, batir mai lafiya zai ɗauki awa ɗaya ko biyu ba matsala. Batir cikakke yana nuna bolt 12.6, idan ya sauka 12.2 ya kai rabi, idan mota tana aiki kuma ya kamata a ga tsakanin 13.8 da 14.4.

Ga direbobin haya muna da roƙo. Sautin da ya hana ka jin jiniyar motar asibiti ko odar tirelar da ke bayanka ya yi yawa, kuma kai da ke wuni a cikinsa kai ne kunnenka zai fara tafiya, fasinja sauka zai yi. Motoci da yawa suna da saitin da ke ƙara murya da kansa idan gudu ya ƙaru ya rage idan an tsaya, Toyota na kiransa ASL, Honda SVC, Volkswagen GALA. A kunna shi, hannu ya huta a kan sitiyari. Haɗa waya da mota da neman waƙa a allo a yi su kafin a tashi. Allon da aka sa yana nuna fim ga direba mota na tafiya, wannan mu masu ɗaurawa ne ya kamata mu ƙi yi ko da mai mota ya nema, domin wayar da ke hana hakan an yi ta ne a haɗa da birkin hannu, ba a ɗaure ta a jikin ƙarfe ba.

Ya Edita, muna roƙon jaridarka ta riƙa buga jerin tashoshin FM da AM da lambobinsu gari-gari, musamman na kan hanyoyin Kano zuwa Abuja, Kano zuwa Maiduguri, Sakkwato zuwa Gusau da Katsina zuwa Maraɗi, yadda direba zai yanke ya ajiye a mota. Dillalan motoci kuma su riƙa miƙa wa mai saye katin lambar rediyo tare da makulli da takardu, shi ma mai sayen ya tambaya tun kafin ya biya.

Wassalam.

Daga wasu masu sana'ar wayarin mota,
Kano.